Babi na Bakwai: Hantar Tsoho a Gaban Wuƙar Likita

Duk wanda ya tashi a Gidimuni ya san abin da ake fara ɗorawa a kan garwashi ranar Babbar Salla. Kafin a gama fiɗa, kafin a kafe raguna a kan sanduna a jera su gefen wuta, an riga an ciro hanta, an yayyanka ta, an barbaɗa gishiri, mai gida ya buɗe baki da ita. A nan na fara ganin hanta da idona, a nan kuma na fara jin manya suna rarrabe ta. Ta ɗan rago ja ce jawur, tana sheƙi, gefenta siriri kamar bakin aska. Ta tsohuwar dabba ta fi duhu, ta fi tauri a baki, amma lafiyarta lau. Sai ta uku, wadda mahauci ke yamutsa fuska in ya gani: hantar dabbar da ta daɗe tana kiwo a bakin tafki har tsutsa ta shige ta, hanyoyin cikinta suka yi fari suka ƙandare, wuƙa na bi tana gurza kamar ta haɗu da yashi. Sau da yawa dabbar ko haƙora ba ta gama fitarwa ba. Na taɓa jin wani mahauci ya ɗaga irin wannan ya ce, "Dabbar yarinya ce, hantar ce ta riga ta tsufa." Ya wurgar da ita.

Sai da na girma na gane cewa maganar mahaucin nan ita ce ke hana likitocin tiyatar hanta barci a ko'ina cikin duniya. In aka kawo dattijo da ƙari a hanta, tambayar dangi ɗaya ce: "Likita, zai jure kuwa? Ka ga fa ya manyanta." Shi kuwa likita furfura ba ta isar masa amsa. So yake ya san wace iri ce cikin ukun nan ke jikin mutumin da ke kwance a gabansa, kuma in ya yanke abin da ya lalace, ko ragowar za ta riƙe mai ita har ta tofo.

Ma'aikatar da ba ta hutu

Hantar baligi ta kai nauyin kilo 1 da rabi ko ƙasa da haka kaɗan, tana kwance ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Cikin kowane minti, jinin da ke ratsa ta ya kusa lita 1 da rabi, wato kimanin rubu'in abin da zuciya ke bugowa. Da Bahaushe ya ce wane da wane kamar hanta da jini suke, bai yi ƙari ba. Kashi 3 cikin 4 na wannan jini daga hanji yake tahowa ta wata babbar jijiya, ɗauke da duk abin da mutum ya haɗiya: tuwo, fura, ƙwayar magani, jiƙo, har guba. Hanta ce ke tare shi ta tace. Ita ke ajiye sukari don lokacin da ciki ya zama wayam, ita ke haɗa ruwan maɗaciya mai narkar da maiƙo, ita ke ƙera abin da ke sa jini ya daskare in an ji rauni, da wani sinadari mai suna albumin wanda ke riƙe ruwa cikin jijiyoyi kada ya tsiyaye ya cika ciki da ƙafafu. In ƙoda ta gaza, akwai injin wanki da zai riƙe mutum shekaru. In hanta ta gaza ɗungurungum, har yau babu injin da ke tsayawa a madadinta na dogon lokaci. Sai dashe, shi kuwa dashe ya yi wa talakan Damagaram nisa.

Yawan jinin nan ne ya sa likitocin da suka gabata ke shakkar taɓa ta. A 1888 wani Bajamushe, Carl Langenbuch, ya ba da labarin yadda ya yanke wani yanki na hantar wata mata a Balin ta rayu. A 1908 James Hogarth Pringle na Gilasgo ya nuna cewa in aka matse jijiyoyin da ke ƙofar hanta, zubar jini na lafawa, kuma har gobe da dabararsa ake aiki. A shekarun 1950 wani likitan Faransa, Claude Couinaud, ya gano cewa hanta babban gida ce mai sassa 8, kowane sashe da hanyar jininsa da magudanarsa, ana iya rushe ɗaya ba tare da an taɓa maƙwabcinsa ba. Duk da haka, ƙidayar da aka fitar a Amurka a 1977 ta nuna cewa cikin mutum 100 da aka yanke wa hanta, 13 ba sa tashi. Yau a manyan cibiyoyi adadin bai kai 5 ba. Wannan sauƙin ne ya ba likitoci ƙarfin halin karɓar masu shekara 70 da 80, waɗanda a da ake sallama da haƙuri.

Abin da shekaru ke ci

Tsufa na taɓa hanta, babu musu, sai dai a sannu yake taɓa ta, ba irin yadda yake afka wa ido da gwiwa ba.

Da farko tana motsewa. A 1989 wasu likitoci a Niyukasil ta Ingila sun auna hantar mutum 65 masu lafiya, daga ɗan shekara 24 zuwa mai 91, suka ga girmanta na sauka tare da shekaru, jinin da ke ratsa ta ma haka. Abin da masana suka tsaya a kai yanzu shi ne, tsakanin ƙuruciya da tsufa hanta kan rasa kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na girmanta, jininta kuma ya ragu da sulusi ko fiye. Launinta na ƙara duhu saboda wani dauɗa da ke taruwa cikin ƙwayoyinta, irin duhun da mahauci ke gani.

Na biyu ido ba ya ganinsa sai da madubin bincike mai ƙarfi. Ƙananan hanyoyin jini da ke cikin hanta bangonsu huje yake kamar rariya, ta nan abinci da magani ke tsallakawa su isa ga ƙwayoyin da za su sarrafa su. David Le Couteur da abokan aikinsa a Ostareliya sun nuna a 2001 cewa da tsufa hudojin nan na raguwa, bangon kuma na yin kauri. Duk matar da ta taɓa tankaɗe da tsohuwar rariya ta san abin da ke biyo baya: gari na sauka, amma sai an daɗe ana kaɗawa.

Daga nan ne na uku ke fitowa. Maganin da hantar saurayi za ta kawar cikin ƴan sa'o'i, ta tsoho kan kwana da shi. Allurar barci, maganin zafi irin su mofin, wasu magungunan hawan jini, duk suna daɗewa a jikin dattijo, awon da ya yi wa ɗansa daidai shi sai ya kwantar da shi.

Duk da haka, in aka ɗebi jinin tsoho mai lafiya aka auna aikin hantarsa, sakamakon kusan ɗaya yake da na jikansa. Dalili kuwa, an halicci hanta da rara mai yawa. Gidan da ya ɗaure dami 100 da wanda ya ɗaure 60 duk suna tuƙa tuwo a watan kaka, baƙo ba zai gane bambanci ba. Sai bazara ta tsawaita ake sanin rumbun wa ya fi zurfi. Tiyata kuwa shekarar fari ce ga hanta: an rage ta, an matse mata jini, an ɗora mata magunguna, sannan ana son ta ci gaba da ciyar da gida. Abin da tsufa ke ci ke nan, wato ajiyar da ake buƙata ranar wuya. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wani abu a nan: tsufa shi kaɗai ba ya mai da ido ruwan ɗorawa, ba ya kumbura ciki. In an ga shawara ko kumburi a jikin dattijo, kada a ce shekaru ne. Akwai cuta, a nemo ta.

Dabino da zogale

Manomin Gidimuni ya san cewa in aka sare kan dabino, shi ke nan, ba ya sake fitar da wani. Zogale kuwa ko an datse shi daga gindi, da ya sha ruwa sai ka ga tofo. Zuciya da ƙwaƙwalwa dangin dabino ne, abin da suka rasa da wuya ya dawo. Hanta zogale ce. A 1931 Higgins da Anderson, a asibitin Mayo na Amurka, sun cire kashi 2 cikin 3 na hantar ɓeraye, cikin kwana 10 ko ƙasa da haka ragowar ta cike gurbin. A jikin ɗan Adam aikin na farfaɗowa cikin makonni, girman kuma ya kusa komawa yadda yake cikin watanni.

To tsohon zogale fa? A 1964 wata likita a Bostan, Nancy Bucher, ta gwada ɓeraye yara da manya da tsofaffi. Ta ga hantar tsoho tana tofowa, amma tana makara wajen farawa, kuma ƙwayoyin da ke tashi su rabu ba su kai na yara yawa ba. Ƙarshenta tana isa inda za ta, sai dai a hanya take daɗewa. Kwanakin nan na jira, musamman makon farko bayan aiki, su ne lokacin haɗari.

Akwai wani bincike mai ban mamaki da aka fitar a Diresdan ta Jamus a 2022. Masu shi sun yi amfani da burbushin gwaje-gwajen bama-baman nukiliya na tsakiyar ƙarnin da ya wuce, wanda ya shiga iska ya shiga jikin kowa, suka mai da shi agogon sanin ranar haihuwar ƙwayoyin hanta. Sun duba hantar mutane daga shekara 20 zuwa 84, suka tarar cewa a tsakaice shekarun ƙwayoyin ba su kai 3 ba, ko na saurayi ko na tsoho. Ashe hanta kullum cikin sabunta kanta take. Abin da ke tsufa shi ne gidan da sabbin ƙwayoyin ke tashi a ciki: jini ya ragu, rariya ta toshe, saƙon "ku tashi ku hayayyafa" na isa a makare. A 2022 ɗin dai, a Italiya, an dasa wa wani majinyaci hantar wata mata da ta rasu tana da shekara 100. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai ba a gurɓata ta ba.

Saboda haka likitan hanta ragowa yake lissafawa tun kafin ya ɗauki wuƙa. In hanta lafiyayya ce, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na iya riƙe mutum. In ta yi kitse ko ta sha maganin kansa, sai a nemi 30. In ta taurare ta yi tabo, ƙasa da 40 ganganci ne, sau da yawa ma ba a taɓa ta sam. Ga tsoho, likita mai hankali na ƙara barin rara a kan waɗannan. Yana duba abu 5 da Child da Turcotte suka jera a 1964, Pugh ya gyara a 1973: yawan ruwan shawara a jini, yawan albumin, saurin daskarewar jini, ko ruwa ya taru a ciki, da ko hankali ya fara gushewa. A Japan sukan ƙara da wata koriyar allura, a jira minti 15 a ga nawa hanta ta kwashe; in abin da ya saura a jini bai kai kashi 10 ba, an san da ƙarfinta. In kuwa ragowar ta yi kaɗan, akwai dabarar da Masatoshi Makuuchi ya yaɗa tun shekarun 1980: a toshe jijiyar ɓangaren da za a cire, jini ya karkata zuwa ɓangaren da za a bari, a jira mako 4 zuwa 6 ya yi girma, sannan a yi aikin. Duk mai garka ya san wannan, haka yake datse ruwa daga fangali ɗaya ya juya shi zuwa wanda yake son ya yi kyau.

Mutum biyu daga unguwa ɗaya

Kawuna manomin dabino ne. A katinsa na ɗan ƙasa, inda ake rubuta ranar haihuwa, kalmomin Faransanci biyu ne da shekara: né vers 1950, wato an haife shi wajajen 1950. Dubban dattawan Nijar haka nasu yake. Wani ciwo a gefen ciki ya sa muka kai shi aka haska, aka ga ƙari guda, bai fi ƙwan kaza ba, a ɓangaren hagu na hanta. Aka tura mu wani babban asibiti mai nisa da gida. Kafin mu tashi sai da dangi suka zauna, mafi yawa suka ce a bar tsoho ya huta, kada a je a yanka shi a banza.

Likitan da ya karɓe mu ya dubi katin ya ajiye.

"Baba, shekarunka nawa?"

"To, ɗana, lokacin da aka ba Jori mulki ina kiwon awakin mahaifina. Shekarar da Kunce ya karɓa na yi auren fari."

"Madalla. Salla fa, a tsaye kake yi ko a zaune?"

"A tsaye mana. In na ɗago daga sujada ba na dafa kowa."

"Garka, kana zuwa?"

"Kullum, da ƙafata, safe da marece."

"Kama hannuna, Baba, ka matse iya ƙarfinka."

Kawu ya matse har likita ya yi murmushi ya zare hannunsa. Ya sa shi ya tashi daga kujera ya zauna sau 5 ba tare da dafawa ba. Aka auna zuciya, aka auna ƙoda, aka auna jini. Sauran hantar sumul take. Aka cire sassa 2 cikin 8.

Daren kwana na uku hantar cikinmu ta kaɗa. Kawu ya tashi yana kiran awaki, yana fizgar robar da ke hannunsa, bai gane ɗiyarsa ba. Wasu suka fara salati, wata ta ce iskoki ne. Likita ya zo ya duba idonsa, ya sa ya miƙa hannuwa ya ga ko suna karkarwa, ya aika da jini, don gushewar hankali na iya zama alamar hanta ta kasa. Sakamako ya dawo, hanta na aikinta. Ruɗewa ce irin wadda ke kama tsofaffi bayan tiyata, daga rashin barci, baƙon wuri da maganin zafi da ya yi masa nauyi. Aka rage maganin, aka buɗe taga da rana, aka ce wanda ya saba da shi ya zauna kusa yana yi masa hira. Kwana biyu ya dawo hayyacinsa. Da aka yi sarar dabino na gaba, yana zaune a inuwa yana ba yara umarni.

A shekarar nan ce ɗan maƙwabcinmu, mai shekara 41, ƙaƙƙarfan mutum mai ɗaukar buhu shi kaɗai, ya fara ramewa, cikinsa na tasowa. Ya sha jiƙo wata uku kafin a kai shi. Da aka haska, hantar ta motse ta yi ƙuraje kamar bayan kwaɗo, ƙari ya bazu dama da hagu. Jininsa ya nuna ciwon hanta nau'in B, wanda yake ɗauke da shi tun yana goye bai sani ba. Likita ya ce babu inda za a sa wuƙa, domin babu ragowar da za ta riƙe shi. Bai ga kaka ba. Allah ya jiƙansa. A takarda kawu ya girme shi da shekara 30 da ɗoriya, a ciki kuwa hantar saurayin ce tsohuwa.

Abin da ke tsofar da hanta a ƙasarmu

Labarin saurayin nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya tattara majinyata sama da 2,500 daga ƙasashen Afirka 9, ciki har da Najeriya, Gana da Kamaru, ya nuna cewa in aka ware Masar, rabin masu kansar hanta ba su wuce shekara 46 ba lokacin da aka gano ta. Kashi 3 cikin 100 kaɗai suka samu maganin kansar kanta, rabinsu kuma ba su kai wata 3 ba bayan ganowa. A Turai da Japan cutar tsofaffi ce, a wurinmu magidanta take ɗauka suna tsakiyar ƙarfinsu.

Babban dalili shi ne ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi, kusan miliyan 65 a Afirka. Baligin da ya kamu, galibi jikinsa na kore shi. Jaririn da ya kamu kuwa, cikin 10, 9 na zama da shi har abada. Yana shiga daga uwa wajen haihuwa, daga yaro zuwa yaro ta ƙurji da rauni, ta aska guda da aka yi wa yara da yawa kaciya ko shasshawa, ta allurar da aka maimaita. Shekara 30 ko 40 yana cin hanta shiru, ba zazzaɓi ba ciwo. Nijar ta sa rigakafinsa cikin alluran jarirai a 2008, ke nan duk wanda aka haifa kafin nan ya tashi ba garkuwa. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, kansar hanta ta ragu a cikin yaranta. Gambiya ta fara a 1986, masu ɗauke da cutar cikin waɗanda aka yi wa suka ragu ƙwarai.

Na biyu yana cikin rumbunanmu. Gujiya da masara da aka ajiye da danshi suna yin fumfuna, fumfunar na fitar da guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan 1960, da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gujiya da aka shigo da ita daga Barazil. Suya ba ta kashe ta, dafuwa ma haka. Abin takaici, mai kyau ake kai kasuwa, ƙwayar da ta yanƙwane ta yi ɗaci ita ake bari a gida a yi ƙuli-ƙuli ko a jefa a miya. Wanda ke ɗauke da nau'in B kuma yana cin wannan guba, haɗarin kansarsa na ninkuwa sau da yawa fiye da mai ɗaya daga ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bayan waɗannan akwai nau'in C, akwai giya, akwai ciwon sukari da ƙiba masu lulluɓe hanta da kitse, waɗanda ke ƙaruwa a birane. Akwai kuma ƙwayoyin da ake saye a faranti a kasuwa ana haɗiya ba awo, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da aka zuba ciki ba. Farasitamol ma, mai sauƙin nan, in ya wuce giram 4 a yini yana iya ƙona hantar lafiyayye, tsoho ramamme ko mai ciwon hanta kuwa bai kamata ya wuce 2 zuwa 3 ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Abin da likitoci suka lura da shi a ƙasashe da dama shi ne, in an zaɓi tsoho da kyau, sau da yawa ba hantar ce ke kayar da shi bayan aiki ba. Huhu ne ke cika da majina, zuciya ta rikice, ƙoda ta tsaya, ko hankali ya gushe. Waɗannan kuwa ana iya yi musu shiri, kuma mafi yawan shirin a hannun iyali yake.

Makonnin da ke gaban tiyata, a ciyar da dattijo abin da ke gina tsoka: wake, ƙwai, nono, kifi, ganyen zogale, nama in da hali. Tsoka ajiya ce, har taya hanta kwashe wani dafi take yi, tsohon da ya zube da wuya rauninsa ya haɗe. Ya riƙa tafiya kullum, ko zuwa masallaci ne da dawowa. Ya bar taba. A daidaita sukari da hawan jini. A tattara duk abin da yake sha, na asibiti da na gargajiya, a zube a gaban likita ba ɓoye-ɓoye, domin wasu na tsinka jini, wasu na wahalar da ƙoda. Mai hantar da ta taurare ya nemi shawarar likita kafin ya ɗauki azumi.

Bayan aiki kuma akwai al'adarmu guda da ke cutarwa da sunan tausayi. Mukan kwantar da majinyaci mu hana shi motsi, mu ce kada ɗinki ya warware. Tun shekarun 1990 Henrik Kehlet na Danmak ya nuna cewa wanda aka tayar da wuri, aka ba shi abinci da wuri, ya fi saurin warkewa. In ma'aikatan jinya sun ce a zaunar da Baba washegari, a riƙe shi ya taka, ya ja numfashi mai zurfi, ya yi tari, a taimaka musu. Masu zuwa sannu su taƙaita, dare ya zama na barci. Kuma a sa ido a kan abu huɗu: ido ya ƙara ruwan ɗorawa, barci ya yi yawa da rana, fitsari ya ragu, ciki ya kumbura. Wanda ya ga ɗaya ya kira likita nan take.

A sani kuma cewa ba kowane ƙari ne sai an tsaga ciki ba. Wanda bai kai santimita 3 ba ana iya ƙona shi da allura ta fata, wani ana cire shi ta ƴan ƙananan huji da na'ura mai kyamara, duk sun fi sauƙi ga tsoho. Sharaɗinsu ɗaya ne, a gano shi yana ƙarami. Shi ya sa ake son mai hantar da ta yi tabo, da mai nau'in B da likita ya ga yana cikin haɗari, a haska cikinsa duk wata 6. Akwai kuma ƙwaya irin tenofobir, guda a yini, mai danne cutar ta ba hanta damar hutawa.

Daga Gidimuni zuwa Damagaram kimanin kilomita 70 ne a kan kwalta. Can akwai Asibitin Ƙasa, akwai Jami'ar André Salifou da ke yaye mana likitoci ƴan gida. Gwajin nau'in B ɗigon jini ne da ƴan mintoci.

Saboda haka, ɗan'uwa, in an ce tsohonka na buƙatar aiki a hanta, kada ku yanke masa hukunci a zaure da lissafin furfura. Ku kai shi a auna ragowarsa da ƙarfin jikinsa, ku bar shi ya ji bayani da kunnensa ya faɗi nasa ra'ayi. Kai kuma da kake ganin kanka da sauran ƙarfi, je ka a gwada jininka, kai da mai ɗakinka. Jaririn da aka haifa muku, ku nemi a yi masa allurar farko cikin sa'a 24. Gujiyar da ta yi fumfuna a zubar da ita. Hantar da za ka kai gaban likita kana da shekara 70, yau kake kiwonta.